Koyar da shuɗaɗɗen lokaci na Turanci ga yara masu jin Sifaniyanci ta hanyar labari

Koyar da shuɗaɗɗen lokaci na Turanci ta hanyar labari wata dabara ce da malaman firamare ke amfani da ita a Sifaniya, da ƙasashen Latin Amurka, da makarantun Amurka masu yawan 'ya'yan Latino, domin yaro ya iya faɗin abin da ya riga ya faru cikin Turanci. Sigar da ake nufi ita ce wadda littattafan nahawun Turanci ke kira *simple past* ko *past simple*, wato irin su *walked*, *played*, *went* da *saw*. Da ita ake jera abubuwan da suka auku a tatsuniya, da tarihi, da labarin abin da yaro ya yi jiya. Yaro mai jin Sifaniyanci ya riga ya san bambancin jiya da yau a harshensa, har ma Sifaniyanci ya fi Turanci yawan sigogin shuɗaɗɗen lokaci. Wahalar tana cikin alamar da Turanci ke amfani da ita: ƙarama ce, sau da yawa ba a jin ta sosai a magana, kuma tana zuwa a ƙarshen kalma, inda bakin mai Sifaniyanci bai saba tara baƙaƙe ba.

## Sigar lokacin a Turanci

Aikatau na Turanci sun kasu biyu a wannan lokaci. Masu bin ƙa'ida ana yi musu ɗafa-ƙeya na *-ed*, kuma sigar ba ta canzawa ko wane ne ya yi aikin: *I played*, *she played*, *they played*. Rubutun iri ɗaya ne amma furucin uku ne. Bayan baƙi maras ziza ana jin sautin /t/, kamar a *walked* da *stopped*. Bayan wasali ko baƙi mai ziza ana jin /d/, kamar a *played* da *opened*. Bayan /t/ ko /d/ kaɗai ne ake samun ƙarin gaɓa, kamar a *wanted* da *needed*.

Marasa bin ƙa'ida sun kai kimanin 200, kuma kowanne sai an haddace shi: *go* ya koma *went*, *see* ya koma *saw*, *buy* ya koma *bought*, *put* kuma ya tsaya yadda yake. Adadinsu kaɗan ne idan aka kwatanta da dubban aikatau na harshen, sai dai su ne aka fi faɗa. *Be*, *have*, *do*, *say*, *go*, *get*, *make*, *come*, *see* da *take* duk suna cikinsu, kuma da wuya a ba da labari mai jimla biyar ba a ambaci ɗayansu ba. *Be* kaɗai ke da siga biyu, *was* da *were*. A korewa da tambaya, lokacin yana barin aikatau ya koma kan mataimakin aikatau *did*: *She went*, amma *She didn't go* da *Did she go?*

## Abin da yaron ya zo da shi daga Sifaniyanci

Sifaniyanci yana da sigogi biyu da ake ba da labari da su. *Pretérito indefinido* na aikin da ya faru ya ƙare ne, kamar *cantó*, wato ya rera waƙa. *Pretérito imperfecto* na yanayi ne ko al'ada ko aikin da ake cikin yi, kamar *cantaba*, wato yana rera waƙa ko yakan rera. Tatsuniyar Sifaniyanci takan buɗe da *había una vez* ko *érase una vez*, duka a siga ta biyu, ta kwatanta wuri da mutane da ita, sannan da zarar wani abu ya auku ta juya zuwa ta farko. Mai jin Hausa zai gane tsarin idan ya dubi bambancin "suna zaune a daji" da "sai suka ga kura". Yaro ɗan shekara shida a Madrid ko Bogotá yana yin wannan juyi ba tare da an koya masa sunayen sigogin ba.

Turanci yakan haɗe ayyukan biyu a siga ɗaya. *She lived in a small house* da *She opened the door* duk *simple past* ne, alhali a Sifaniyanci na farko *vivía* ne, na biyu *abrió*. Wannan sauƙi ne ga yaro, amma yakan jawo shi ya nemi wa *imperfecto* abokin zama a Turanci, sai ya riƙa saka *was* da *-ing* ko'ina: *She was having a dog*, *He was living in a castle and he was having three sons*. Akwai kuma aikatau da ma'anarsu ke sauyawa tsakanin sigogin biyu, Turanci kuma ya raba musu kalmomi: *conocía* shi ne *knew*, *conocí* kuwa *met*, *sabía* shi ne *knew*, *supe* kuwa *found out*.

Wasu kurakuran daga kalma guda suke fitowa. *Fue* a Sifaniyanci yana nufin "ya kasance" kuma yana nufin "ya tafi", domin aikatau *ser* da *ir* sigarsu ɗaya a wannan lokaci, shi ya sa ake jin *He was to the park* a maimakon *He went*. *Hizo* ya ƙunshi *made* da *did*. *Dijo* ya ƙunshi *said* da *told*. *Había* ba ya bambanta tilo da jam'i, sai yaro ya ce *There was three bears*. Yunwa da shekaru kuma "mallakarsu" ake yi a Sifaniyanci, don haka *tenía siete años* ya zama *She had seven years*. Sannan ƙarshen aikatau na Sifaniyanci yana nuna wanda ya yi aikin (*canté*, *cantaste*, *cantó*, *cantamos*, *cantaron*), shi ya sa ana iya barin wakilin suna. Yaro ya ɗauko wannan ya ce *Went to the forest and saw a wolf* ba tare da ya faɗi wa ya tafi ba.

Karin harshe ma yana da tasiri. A yawancin Sifaniya, abin da ya faru yau ana faɗinsa da siga mai mataimakin aikatau: *esta mañana he visto un perro*. Yaron Madrid zai juya ta kai tsaye ya ce *This morning I have seen a dog*. A Meziko da Ajantina an fi cewa *vi*, don haka wannan kuskure bai yawaita a can kamar a Sifaniya ba.

## Kunne da baki

Kalmomin asali na Sifaniyanci suna ƙarewa ne da wasali ko da baƙi guda daga cikin 'yan kaɗan, wato *n*, *s*, *l*, *r*, *d* da *z*. Ba sa ƙarewa da baƙaƙe biyu ko uku a jere. Ita kanta *d* ta ƙarshe tana da rauni, mutane da yawa ba sa furta ta a *Madrid* ko *verdad*. To *walked* yana ƙarewa da /kt/, *jumped* da /mpt/, *asked* da /skt/. Yaro yana da mafita biyu. Ko dai ya yar da sautin ƙarshe ya ce *walk*, ko ya karanta kalmar yadda aka rubuta ta, ya mai da ita gaɓa biyu, tun da rubutun Sifaniyanci ya saba masa da cewa kowane wasali da ke kan takarda ana furta shi. Na farko ya fi faruwa ga yaran da suka koyi Turanci da ji, na biyu ga waɗanda suka fara haɗuwa da shi a littafi.

Kafin furuci ma akwai ji. A Sifaniyanci alamar lokaci tana da ƙarfi: bambancin *hablo* da *habló* yana kan gaɓar da aka danna, kuma a shuɗaɗɗen lokaci dannawar kan faɗa kan ƙarshen kalma. A Turanci *walked to school* da *walk to school* kusan ɗaya suke a kunne idan ana magana da sauri. Wani nazari da Laura Collins da abokan aikinta suka wallafa a 2009, kan maganar malaman Turanci a azuzuwan firamare na Kebek a Kanada, ya nuna cewa *-ed* ba ya yawan fitowa a bakin malami, kuma idan ya fito sau da yawa yana a wurin da ba a jin sa da kyau. Yaran nazarin masu jin Faransanci ne, amma matsalar ta maganar Turancin ce kanta, don haka ta shafi kowa.

Daga nan malamai suka sami dabara mai amfani: a fara da aikatau da *-ed* ɗinsu ke zama cikakkiyar gaɓa, irin *wanted*, *shouted*, *waited*, ko waɗanda ke ƙarewa da wasali, irin *played* da *cried*, sannan a zaɓi jimlolin da wasali ke bin aikatau, kamar *looked at*, *picked it up*, *walked away*, domin a nan sautin yana manne wa kalma ta gaba ya fito fili.

## Jerin da yara ke bi

Binciken wannan fanni ya faro ne daga yaran da Turanci ne harshen uwarsu. A 1958 Jean Berko ta nuna cewa ƙananan yara suna iya ɗora *-ed* kan aikatau na ƙirƙira da ba su taɓa ji ba, wato ƙa'ida suke riƙe da ita. A 1973 Roger Brown ya lura cewa sigogi irin *went* da *came* suna riga *-ed* zama a bakin yaro. Bayan haka yaron da ke cewa *went* daidai yakan fara cewa *goed* wani lokaci, sa'annan ya dawo kan *went*. Heidi Dulay da Marina Burt sun gwada yara masu jin Sifaniyanci a Kalifoniya da New York a 1973, suka kwatanta su da masu jin Sinanci a 1974, suka ce akwai jeri na bai ɗaya da ake koyon ƙananan alamomin Turanci. A jerin da Stephen Krashen ya taƙaita a 1977, *-ing* da jam'i suna sahun farko, marasa bin ƙa'ida na shuɗaɗɗen lokaci suna gaba, *-ed* kuma yana rukunin ƙarshe. Masu bincike na baya sun nuna cewa harshen uwa yana da tasiri fiye da yadda aka ɗauka a lokacin, amma jinkirin *-ed* ya ci gaba da bayyana a nazarce-nazarce. Malamin da ya ji *goed* ko *eated* a ajinsa ya sami shaidar cewa yaron ya kama ƙa'ida.

Korewa ma tana da matakai. Cancino, Rosansky da Schumann sun bi masu jin Sifaniyanci shida a Amurka, suka wallafa a 1978 cewa ana farawa da *no* gaban aikatau, daidai da tsarin *no comí*, sai *don't* da ba ta sauyawa, sai *can't* da *isn't*, daga ƙarshe *didn't* da *doesn't* a muhallinsu. Tsakanin matakan ne ake jin *She didn't went* da *Did you saw it?*, inda yaro ya yi wa lokaci alama sau biyu.

## Dalilin zaɓen labari

Kathleen Bardovi-Harlig, a littafinta na 2000 kan koyon lokutan aikatau a harshe na biyu, ta bayyana cewa mai koyo yakan fara nuna lokaci da jerin faɗa kawai, sai ya koma ga kalmomi irin *yesterday* da *then*, sai daga baya ya ɗora alama kan aikatau. Ta kuma nuna cewa alamar tana fara bayyana ne a ƙashin bayan labari, wato ayyukan da ke tura shi gaba, kafin ta isa shimfiɗarsa. Roger Andersen da Yasuhiro Shirai sun ƙara da cewa aikatau masu aukuwa farat ɗaya, irin *fell*, *broke* da *found*, suna riga na yanayi, irin *liked* da *lived*, samun alamar. Tatsuniya cike take da irin na farko. Wani ya faɗi, wani abu ya fashe, an tsinci wani abu. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi ta fara koyar da lokacin da labari maimakon jadawalin aikatau mai layi uku da ake bai wa yara su haddace, wanda har yanzu yana nan a bayan littattafan makaranta da yawa.

Labari kuma yana da maimaici na halal. A *The Very Hungry Caterpillar* na Eric Carle, wanda ya fito a 1969 kuma ake yawan amfani da shi a azuzuwan ƙananan yara, kalmar *ate* tana dawowa shafi bayan shafi, ba wanda ke jin atisaye ake yi. Tsarin labarin baka da William Labov da Joshua Waletzky suka zayyana a 1967, wato shimfiɗa, rikici, warwara da rufewa, shi ne malamai ke mayarwa taswirar akwatuna a allo domin yaro ya san inda *was* da *had* suka fi zama da inda *ran* da *saw* ke shigowa.

## Yadda darasi ke tafiya

Malami yakan fara da aikatau biyar ko shida, yana faɗa yana yi da jiki, yara na kwaikwayo. Wannan ya samo asali daga hanyar James Asher ta shekarun 1960, wadda ake kira TPR. Wajajen 1990 Blaine Ray, wani malamin Sifaniyanci a Kalifoniya, ya haɗa ta da ba da labari ya samar da TPRS. Ya ƙirƙiro ta ne don koya wa masu jin Turanci Sifaniyanci, daga baya aka juya ta ɗaya ɓangaren. Sai a ba da gajeren labari da hotuna, misali: *Lucía had a small dog. One day the dog ran away. She looked under the bed. She looked in the garden. She didn't find it.* Bayan kowace jimla malami yana zagaye ta da tambayoyi masu ƙara nauyi: *Did the dog run away? Did the dog or the cat run away? Who ran away?* Yaro na iya amsawa da kalma ɗaya, amma ya ji *did*, *run* da *ran* sau da dama cikin minti guda, kowanne a wurinsa.

Daga nan nauyin yana komawa kan yara a hankali. Suna jera hotunan da aka cakuɗa, suna wasan kwaikwayon labarin, malami yana faɗin ƙarya da gangan su gyara masa da *No, she didn't*, sannan su sake ba da labarin bibbiyu, su canza ƙarshensa. Malamai da yawa suna barin yaro ya fara ba da labarin da Sifaniyanci, domin idan tsarin ya zauna a kansa hankalinsa zai sami sararin kula da aikatau. Mataki na ƙarshe shi ne labarin kansa, abin da ya yi ranar Asabar ko ranar da haƙorinsa ya fita, kuma nan ne aka fi ganin ko lokacin ya zauna, tun da babu jimlar malami da zai jingina da ita. Bayanin ƙa'idar rubutu, kamar ninka baƙi a *stopped* da juya *y* a *cried*, yana zuwa ne bayan kunne ya saba.

## Gyaran kuskure

Idan yaro ya ce *The dog run away*, abin da malami ya fi yi shi ne ya maimaita daidai ya wuce: *Yes, the dog ran away*. Roy Lyster da Leila Ranta sun gano a 1997, a azuzuwan Faransanci na Kanada, cewa wannan shi ne gyaran da malamai suka fi yi, kuma shi ne yara suka fi wucewa ba su gyara maganarsu ba, domin suna ɗauka amincewa ce. A 1998 Catherine Doughty da Elizabeth Varela sun gwada wata hanya a darasin kimiyya na ɗaliban da ke koyon Turanci a Amurka: malama ta maimaita kuskuren da muryar tambaya tana danna aikatau, idan ɗalibi bai gyara ba sai ta faɗi daidai. Ɗaliban sun inganta a shuɗaɗɗen lokaci fiye da ajin da ba a yi wa haka ba. A darasin labari akwai iyaka, domin yaron da ake katsewa a kowace jimla yakan daina magana. Shi ya sa ake ware gyara ga 'yan aikatau na ranar, ko a bari sai zagaye na biyu.

## Matsayinsa a manhaja

A jarrabawar Cambridge ta yara, wannan lokaci ba ya cikin matakin Pre A1 Starters. Yana shigowa a A1 Movers, sannan A2 Flyers ya ƙara *past continuous* da *present perfect*. Littattafan firamare da yawa suna bin wannan jeri. A Sifaniya, ma'aikatar ilimi da British Council sun fara shirin makarantu masu harshe biyu a 1996, yankin Madrid ya fara nasa a 2004. Meziko ta fara shirin Turanci na ƙasa a ilimin farko a 2009, Uruguay kuma ta fara Ceibal en Inglés a 2012, inda malami ke koyarwa daga nesa ta bidiyo tare da malamin aji. A waɗannan ƙasashe yaro na jin Turanci 'yan sa'o'i a mako. A Amurka lamarin daban ne: kimanin yara miliyan 5 a makarantun gwamnati ana lissafa su masu koyon Turanci, kusan kashi uku cikin huɗu nasu Sifaniyanci ake yi a gidajensu, kuma da Turancin ake auna su a sauran darussa.

## Aunawa

Littafin da aka fi auna labarin yara da shi shi ne *Frog, Where Are You?* na Mercer Mayer, na 1969, mai hotuna ba rubutu, kan yaro da karensa suna neman kwaɗon da ya tsere. Ruth Berman da Dan Slobin sun yi amfani da shi a nazarinsu na 1994 kan harsuna biyar, ciki har da Turanci da Sifaniyanci. Sai dai hoto a gaban ido yana jawo yaro ya yi magana da lokaci mai ci, don haka mai aunawa yakan rufe littafin ko ya buɗe wa yaron da *one day*.

Rashin *-ed* a magana ba ya isa hujjar cewa yaro bai san lokacin ba. Wanda ke cewa *went* da *wanted* daidai, yana rubuta *walked* amma yana furta *walk*, matsalarsa ta furuci ce. A wasu kare-karen Turanci na Amurka, ciki har da na Chicano, rage baƙaƙen ƙarshen kalma ɗabi'ar karin ce. Bambancewar tana da muhimmanci domin tun aikin Mabel Rice da Kenneth Wexler na 1996 ake ɗaukar yar da alamun lokaci a matsayin alamar naƙasar harshe ga yaran da Turanci ne harshen uwarsu. Johanne Paradis ta nuna a 2005 cewa lafiyayyun yara masu koyon Turanci a matsayin harshe na biyu suna yin kurakurai masu kama da waɗannan, har gwajin da aka tsara don masu harshe ɗaya zai iya sanya su cikin masu naƙasa. Saboda haka masu kula da matsalolin magana ke sauraron labarin yaron a harsunan biyu: idan *abrió* da *vivía* suna zaune daidai a Sifaniyancinsa, ana ɗaukar giɓin *-ed* a matsayin matakin koyo, idan can ma aikatau suna tangarɗa, sai a zurfafa bincike.